Filin Tambaya Da Amsa: Kafin Ka Rubuta A Rijistar IC, Karanta Ta Tukuna

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon tambayoyin da suka taru kusan duk ƙofa ɗaya suka biyo, mutum ya jona IC, wato ɗan cip ɗin da ke kan bod ɗin na'ura, da kwamfuta ya buɗe manhaja ya ga lambobi jere irin su 0x62 da 0xD9, sai hannu ya fara ƙaiƙayi. Na zaɓi biyar, na ɗan rage tsawon wasu saboda wuri, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah a taimaka. Ina furojet ɗin ƙarshe ne, na sayi sensar motsi MPU-6050 na haɗa da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, tana ganinta a adireshi 0x68 amma duk abinda na karanta sifili yake bani, na juya ta na girgiza ta sifili dai. Abokina yace jabu aka sayar min. In koma kasuwa ne? Kuma wai menene ma rijistar nan da ake ta faɗa, malaminmu ya wuce wajen da sauri.
Ɗalibi daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kar ka koma kasuwa tukuna, inaga lafiyarta ƙalau barci kawai take, kuma haka kamfani ya yi ta, kai ne zaka tashe ta.

Bari in fara da tambayarka ta biyu tunda ita ce tushen duk abinda zamu yi magana a kai yau. Ka ɗauki cikin IC kamar kantar mai shago mai aljihunan durowa da yawa, kowane aljihu da lambarsa, to kowane aljihu shi ne rijista, lambar kuma ita ce adireshi. A cikin aljihun akwai makunnai takwas a jere kamar na fitila a bango, kowanne ko a kunne wato 1 ko a kashe wato 0, su ake cewa bit, kuma daga dama ake fara ƙirga su, na farko sunansa bit 0 na ƙarshe bit 7. Wasu aljihunan kai ne ke saka umarni a ciki IC ya bi, wasu kuma shi ne ke ajiye maka sakamako ka zo ka ɗauka, in ka rubuta a irin waɗannan ba abinda zai faru. Wannan 0x da kake gani a gaban lamba alama ce kawai cewa lissafin heksa ne, kowane harafi ɗaya yana wakiltar makunnai huɗu, shi yasa 0x40 in ka warware ta zata zama 0100 0000, kaga makunni ɗaya tak ne a kunne kenan, bit 6.

To a MPU-6050 akwai rijista mai adireshi 0x6B, sunanta PWR_MGMT_1, duk sanda wuta ta shiga sensar abinda ke cikinta 0x40 ne, kuma bit 6 ɗin nan shi ne na barci. Shikenan sirrin sifilinka. Tunda Raspberry Pi kake amfani da ita saka i2c-tools, manhajar da ke magana da sensa ta layin wayoyi biyu mai suna I2C, ka fara da tambayar sensar ko wace ce ita: i2cget -y 1 0x68 0x75. Rijista 0x75 sunanta WHO_AM_I, in MPU-6050 ce ta gaske zata amsa da 0x68, in kaga 0x70 to MPU-6500 aka liƙa maka a kan bod ɗin, zata yi aiki amma ka nemi takardar bayananta ita kanta kar ka ci gaba da bin ta waccan. Daga nan sai ka rubuta i2cset -y 1 0x68 0x6b 0x00, ka sake karanta 0x6B ka tabbatar ya zauna, sannan ka ajiye sensar a kwance kan tebur ka karanta 0x3F da 0x40 ka haɗa su, ta farko ita ce rabin sama ta biyu rabin ƙasa, lambar da zata fito ya kamata ta kusa 16384, wannan shi ne nauyin jan ƙasa g ɗaya a ma'aunin da take zuwa da shi na g 2. In abinka zai sha jijjiga kamar a jikin babur to g 2 bazai isa ba, je rijista 0x1C, bit 4 da bit 3 su ke zaɓar ma'auni, 0x08 g 4, 0x10 g 8, 0x18 g 16, amma ka tuna in ka koma g 8 da 4096 zaka dinga rabawa ba 16384 ba, nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa, su canza rijista su manta lissafin da ke cikin kod.

Abu biyu kuma. Irin wannan rijistar bata riƙe abinda ka rubuta, ana ɗauke wuta ta koma 0x40, saboda haka dole layin tashin ya shiga farkon kod ɗinka ba wai ka buga da hannu sau ɗaya ba. Daɗin abin shi ne a nan baka iya ɓata komai, ka yi ta gwaji son ranka, in ya rikice cire waya ka mayar. Na biyu in zaka ƙara agogon DS3231 a kan layi ɗaya ka sani shi ma 0x68 ne adireshinsa, zasu yi ta karo, maganin ka kai ƙafar AD0 ta sensar kan bolt 3.3 ta koma 0x69.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na sayi cip ɗin ATmega328P sabo guda uku dan in cire aikina daga kan Arduino Uno in mayar kan nawa bod. Da farko fitilar da na ce ta yi ƙyafta duk sakan ɗaya sai ta dinga jan lokaci sosai, na bincika aka ce fiyus ne, na buɗe manhajar AVRDUDESS na jona USBasp, furogiramar da ake rubuta kod a cip da ita, na saka lambobin Uno na danna rubuta, daga nan shiru, kwamfuta bata ƙara ganinsa ba. Na gwada na biyu shi ma haka. Saura ɗaya tsoro nake ji. Sun ƙone ne?
Mai karatu daga Katsina

AMSA: Ɗan'uwa sannu, kuma ka kyauta da ka tsaya a na biyu. Kusan tabbas basu ƙone ba, kuma da kuɗi kaɗan zasu dawo insha Allah.

Fiyus a cip ɗin AVR, wato dangin su ATmega328P ɗinka, ba irin fiyus ɗin mitar wuta bane mai tsinkewa, suna ne kawai, rijistoci ne guda uku, na ƙasa da na sama da na ƙari, bambancinsu da na ɗalibin can na sama shi ne su ko an ɗauke wuta suna nan daram, kuma su ke gaya wa cip daga ina zai samu bugun agogonsa tun kafin ya karanta layi ɗaya na kod ɗinka. ATmega328P daga kamfani yana zuwa da 0x62 a ƙasa, 0xD9 a sama, 0xFF a na ƙari. Ma'anar 0x62 ya yi amfani da agogon cikinsa mai megahaz 8 ya raba shi gida takwas, kenan megahaz 1 yake gudu, kai kuma kod ɗinka an haɗa shi ne da zaton megahaz 16 na Uno, shi yasa sakan ɗaya ya zama sakan 16. Har nan ka gano daidai. Inda aka samu matsala, lambobin Uno su ne 0xFF da 0xDE da 0xFD, kuma 0xFF ɗin nan cewa yake yi bar agogon ciki, nemi kiristal a waje, wato ɗan abin da ke ba da bugun agogo. Uno tana da nata a jikin bod, kai a bod ɗinka babu, cip ya juya ya nemi bugun zuciya bai samu ba sai ya tsaya cak, kuma hanyar da USBasp ke magana da shi ita ma sai da agogo take aiki, shi yasa ko lambar shaidarsa ka nema sifili zaka gani maimakon 1E 95 0F.

Ga gyara. Nemi kiristal mai megahaz 16 ka saka tsakanin ƙafa ta 9 da ta 10, da kafasita biyu ƙanana masu pF 22, kowacce daga ƙafa ɗaya zuwa ƙasa wato GND, ka gajarta wayoyin iya yinka kar ka bar kiristal ɗin can nesa a ƙarshen bod. Jona USBasp ka danna karanta kawai, zaka ga sun farka. Daga nan zaɓi ya rage naka, ko ka bar kiristal ɗin ya zama gidansa kenan, ko in baka son kaya da yawa ka rubuta 0xE2 a fiyus na ƙasa, wato agogon ciki megahaz 8 ba rabawa, sai dai kuma dole ka haɗa kod ɗin a kan megahaz 8.

In ka saka kiristal bai tashi ba to wataƙila wajen dannawa ka zaɓi agogon waje tsantsa wanda ba kiristal ba, shi wannan bugu ake tura masa daga wani wuri, sai ka sa Uno ɗinka ta fitar da bugu mai sauri a wata ƙafa ka kai shi ƙafa ta 9, ka haɗa ƙasansu wuri ɗaya, ka rage gudun USBasp da zaɓin -B na manhajar avrdude, zai amsa. Ƙa'idar ita ce gudun furogirama kar ya kai kwatan gudun cip, wannan ma shi ke sa sabon cip mai megahaz 1 wani lokaci ya ƙi amsawa tun ranar farko mutum ya ɗauka matacce aka sayar masa.

Yanzu wajen da nake so ka nutsu, fiyus na sama. Bit 7 nasa sunansa RSTDISBL, in ka kunna shi ƙafa ta 1 ta daina zama risat ta koma ƙafar aiki kamar saura, kuma USBasp ta ƙafar risat yake shiga, ka rufe ƙofa kenan ka jefa makulli ciki. Bit 6 mai suna DWEN shi ma haka yake toshe hanya. Mai RSTDISBL sai furogirama mai saka bolt 12 a ƙafar risat ke dawo da shi, kuma ba kowane shago ke da ita ba. Abinda ke jefa mutane a ramin nan shi ne a AVR lissafin a juye yake, 0 shi ne an kunna, 1 shi ne ba'a kunna ba, ga kuma manhajoji masu akwatunan dannawa da kowacce da yadda take nuna alamar, sai mutum ya ga akwati yana zaton yana kashewa ashe kunnawa yake. Ni kam bana yarda da akwati, lambar heksa nake kallo, in warware ta a takarda da biro in duba bit 7 da bit 6 duk 1 ne sannan in danna. Na taɓa zama da wani yaro a shago da yamma, ya jera cip huɗu a kan murfin gwangwanin madara duk ya yi musu alama da jan maka wai sun mutu, muka saka kiristal uku suka tashi nan take, na huɗun ne kawai ya taɓa wa bit 7, kuma wallahi a duk huɗun, da ace ya karanta kafin ya rubuta ya kwafe lambobi ukun nan a littafi da ya san inda ya kauce.

Saboda haka na ukun nan naka, kafin komai buga wannan: avrdude -c usbasp -p m328p -U lfuse:r:-:h -U hfuse:r:-:h -U efuse:r:-:h, rubuta abinda ya fito, sannan ka canza fiyus ɗaya kawai, ka karanta, ka gwada, kafin ka taɓa na gaba. In ka ga wani wuri an rubuta 0x05 wani wuri 0xFD a fiyus na ƙari kar ya dame ka abu ɗaya ne, bit uku na ƙasa kawai ke aiki, su ke sa cip ya tsaya da kansa in wuta ta sauka ƙasa da bolt 2.7. Ni da za'a bi tawa mai gudun megahaz 16 a kan caja ko sola da wutarta ke rawa ya saka 0xFC wato bolt 4.3, domin a bolt 3 cip ɗin yana iya ci gaba da gudu yana shirme har ya ɓata abinda ke EEPROM, ma'ajiyarsa da bata gogewa in an ɗauke wuta, gara ya tsaya ya jira wuta ta daidaita.

TAMBAYA: Oga ina gaisuwa. Ni gyaran laftof nake. Ina canza sel na batir, in cire tsofaffin 18650 in saka masu kyau, wani ya yi aiki wani kuma ko an saka sabbi fil laftof ɗin tace babu caji ko ta tsaya a 0%. An ce akwai manhajar da ake shiga IC ɗin batir a goge. Wacce ce kuma ya ake? Sannan ana iya mayar da ƙidayar caji sifili?
Mai gyara daga Kano

AMSA: Maigida ina amsawa, Allah ya ba da kasuwa. Eh akwai, amma bari in gaya maka abinda ke faruwa a ciki tukuna, dan wanda ya san dalili rabin batiran ma bazasu kulle masa ba.

Batirin laftof ba sel kawai bane, akwai ɗan bod siriri a ciki da IC mai lissafin caji, yana magana da laftof ta wayoyi biyu da ake kira SMBus, ƙanwar I2C ce, a adireshi 0x0B, kuma tsarin tambayoyin ɗaya ne a kusan duk kamfanoni tun tsakiyar shekarun 1990 da Intel da Duracell suka fito da shi. Ko IC ɗin a kulle yake zai baka waɗannan kyauta: 0x09 ƙarfin wutar batir gaba ɗaya, 0x0D kaso nawa ya rage, 0x10 iya abinda yake ganin batirin zai iya ɗauka yanzu, 0x18 abinda aka ƙera shi ya ɗauka yana sabo, 0x17 sau nawa aka yi caji aka sauke, 0x08 kuma zafi, sai dai a ma'aunin Kelvin yake bayarwa an ninka goma, in kaga 2982 digiri 25 kenan, in kaga 3132 digiri 40. Tun kafin ka kunna ayon ɗinka ka karanta waɗannan, in ka kwatanta 0x10 da 0x18 kaɗai ka san ko sel ne suka gaji ko wani abu ne daban.

Dalilin kullewa kuwa, IC ɗin nan yana sa ido a kan kowane rukunin sel dare da rana ko laftof na kashe. Ranar da ya ga wani rukuni ya faɗi ƙasa sosai, ko ɗaya ya yi wa saura nisa, ko zafi ya wuce iyaka, sai ya ɗaga tutar da ake kira PF, wato lalacewa ta dindindin, ya rubuta ta a ma'ajiyar da bata gogewa, ya rufe hanyar caji da ta sauke caji, a batira da yawa ma har ya ƙona wani fiyus mai ƙafa uku da ke kan bod ɗin da gangan. To kaga lokacin da kake cire sel ɗaya bayan ɗaya da ayon, a idonsa rukuni ne ya faɗi sifili farat ɗaya, kai da hannunka ka ɗaga masa tutar. Shi yasa wajen mayarwa ake fara jona wayar ƙasa sannan a hau rukuni rukuni har zuwa sama, kuma sel ɗin duka su zama iri ɗaya ƙarfinsu ɗaya kafin su hau. Duba fiyus ɗin nan da mita, in ya tsinke ko ka goge tuta sau goma batir bazai ba da wuta ba, kuma dan Allah kar ka ɗaure shi da waya, canza shi da irinsa.

Manhaja ta danganta da wanda ya yi IC ɗin, karanta lambar da ke bayansa. In ka ga bq a farko kamar bq40z50 na Texas Instruments ne, manhajarsu bqStudio, ana jona ta da ɗan akwatin EV2400 ta USB, tsofaffin bq20z kuma suna da tasu tsohuwar manhajar. In ta buɗe zaka ga shafin rijistoci, kowane bit da ɗan akwatinsa mai launi, nan zaka ga wace tuta ce a sama da dalilinta, sai wani shafin na ma'ajiyar saiti inda iyakokin wuta da zafi suke. Amma yawancin batiran kamfani a rufe suke zuwa, sai da mabuɗin lambobi ake shiga, kuma kamfanonin laftof suna canza mabuɗin zuwa nasu, shi yasa masu wannan sana'a ke sayen na'urori na musamman. In ka samu shiga, abu na farko fitar da kwafin saitin duka ka ajiye da sunan batirin, sannan ka goge tutar bayan ka gyara abinda ya ɗaga ta, ka gyara adadin da sabbin sel ke ɗauka, ka yi masa cikakken caji ya huta, ka sauke shi ya huta, dan ya koyi sabbin sel ɗin.

Abinda bana so ka taɓa shi ne iyakokin kariya. Na san a watan Afrilu a garin nan batir yana ƙin caji da rana saboda zafi, mutum ya ga gurbin da aka rubuta iyakar zafin caji, wanda galibi wajen digiri 45 ne, ya ce bari in ɗaga. Ko ya ga bolt 4.2 na kowane sel ya ƙara kaɗan wai dan ya daɗe. Wannan batirin a kan cinyar ɗan wani zai zauna, ko a kan katifa cikin dare yana caji kowa na barci, kuma wutar lithium in ta tashi ba'a kashe ta da sauƙi.

Maganar ƙidaya, eh ana iyawa. In sabbin sel ka saka da gaske to mayar da ita sifili daidai ne, gaskiya ka rubuta. In kuwa tsofaffin sel ne ko waɗanda aka ciro daga wani batir, ka goge ƙidaya ka sayar a matsayin sabo, wannan algus ne ba wani suna, daidai yake da mai juya mitar mota baya, kuma mai saye zai dawo maka cikin wata biyu ko ya kai ƙararka wajen Allah.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na haɗa na'urar da ke kunna famfon tanki ta kashe da kanta, da cip ɗin STM32F411, har na fara sayarwa. Ina tsoron wani ya kwafe kod ɗina. A manhajar STM32CubeProgrammer naga wajen RDP, wato kariyar hana karanta kod, akwai AA da BB da CC, wanne zan zaɓa?
'Yar'uwarku daga Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'ar. Zaɓi BB, kar ki kusanci CC yanzu.

AA mataki na 0 ne, a buɗe, kowa ya jona furogiramar ST-Link ya kwashe kod ɗin. BB mataki na 1, ba'a iya karanta kod ta waje, kuma duk wanda ya mayar da shi AA cip ɗin zai goge kod ɗin gaba ɗaya kafin ya buɗe, har ke kanki, saboda haka ki tabbatar asalin fayil ɗinki na ajiye a wuri biyu. A gaskiya duk lambar da ba AA ba kuma ba CC ba mataki na 1 ce, BB ɗin misali ne kawai manhajar ta zaɓa. CC kuwa mataki na 2 hanya ce mai tafiya ba dawowa, yana kashe ƙofar ST-Link har abada, ba ke ba, ko kamfanin ST da ya ƙera shi bazai iya buɗewa ba. Ki yi tunani, kin sayar da guda hamsin sai kika gano famfo baya kashewa in an ɗauke wuta an dawo da ita da sauri, da BB ki karɓo ki goge ki saka gyararren kod, da CC sai dai ki cire cip ki jefar, sai fa in tun farko kin rubuta naki hanyar sabunta kod a ciki kin kuma gwada ta sosai. Gaskiya ne masu bincike sun nuna hanyoyin tsallake mataki na 1 a wasu samfuran STM32, amma mai kwafar na'urar tanki da wuya ya bi wannan wahalar, zai fi masa sauƙi ya zauna ya rubuta nasa. Masu amfani da STM32F103 kuma ku lura naku bashi da mataki na 2 kwata-kwata, a buɗe ko a rufe ne kawai.

TAMBAYA: Injiniya ina amfani da furogiramar CH341A wajen rubuta BIOS, manhajar da ke tada laftof, a cip ɗinsa. Wani lokaci ya karanta lafiya amma in na rubuta sai tantancewa ta ƙi, wani ya ce min in shiga rijistar matsayi in mayar da komai sifili. Haka ne?
Mai gyara daga Maraɗi

AMSA: Ɗan'uwa ina gaida mutanen Maraɗi. A'a kar ka mayar da komai sifili, kuma kafin ka zargi rijista zargi kilif ɗinka mai kama ƙafafun cip, sau da yawa shi ne. Danna gano cip tukuna, W25Q64 na Winbond mai bolt 3.3 galibi da EF 40 17 yake amsawa, kuma ya kamata ya maimaita haka duk sanda ka danna, in lambar na canzawa ko tana fitowa FF zalla ko 00 zalla to ƙafa bata kama ba, ko sauran kayan bod ɗin na shanye wutar, ciro cip ɗin ka ɗora shi a kan furogirama kai tsaye. Duba harafin ƙarshe kuma, W25Q64FW na bolt 1.8 ne sai da adafta, sannan baƙin CH341A ɗin nan da ya cika kasuwa da yawansu bolt 5 suke turawa a layukan bayanai duk da cip ɗin na 3.3 ne, auna naka da mita ka gani.

Karanta BIOS ɗin sau biyu ka ajiye fayil biyu ka kwatanta, sai sun zama iri ɗaya sak sannan ka goge, domin a cikinsa lambar siriyal ɗin injin take, kuma tun daga Windows 8 mabuɗin Windows na kamfani ma nan ake ajiye shi, fayil ɗin da ka sauko da shi daga intanet na injin wani ne.

In duk wannan ya yi daidai kuma har yanzu wani yanki na ƙin rubutuwa, to yanzu ne zaka buɗe rijistar matsayi a AsProgrammer ko NeoProgrammer. A ta farko bit 2 da 3 da 4 su ne BP0 da BP1 da BP2, masu hana rubutu a wani sashe, in kaga ɗaya a kunne su kaɗai zaka kashe. Ta biyun ka ɗauki hotonta da waya ka barta yadda take. A cikinta akwai QE a bit 1, wanda ke ba cip damar magana ta layi huɗu, akwai injinan da ke buƙatarsa a kunne, ka kashe shi ka mayar da cip laftof ta ƙi tashi alhali fayil ɗinka lafiya lau. Akwai kuma LB1 da LB2 da LB3 a bit 3 zuwa 5, su sau ɗaya ake kunna su a rayuwar cip, in suka koma 1 sun zauna kenan. In sabon cip zaka saka a madadin tsohon, karanta rijistocin tsohon duka biyun ka kwatanta da na sabon kafin ka ɗora shi a kan bod.